Moɗar Azurfa Mai Layi Shida

Kano, ranar Litinin

Daga Alhaji Dokta Ma'aruf Maiturare, Shugaban Ƙungiyar Masu Adana Kayan Kakanni
Zuwa ga Malam Sharfaddeen Mati, Sandamu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibai.

Malam, ba ka san ni ba, amma ni na san ka. Sunanka ya riga ka shiga wurare da dama. Ko a jirgin sama, muna tsakanin Misra da Ingila, na ji mutum biyu a bayana suna gardama a kan hukuncin alwala. Ɗaya ya ce a kai wa Malam Sharfaddeen na Sandamu. Nan take gardamar ta mutu.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, labari ya iso ofishinmu cewa a gidanku na Daura, gidan maƙeran fari, akwai wata tsohuwar moɗa ta azurfa wadda kakanninku suka ƙera, kuma an ce yanzu tana hannunka. Kada ka tsorata, ba saye muke yi ba. Gani kawai muke so mu yi, mu ɗauki hotonta, sannan mu miƙa wa mahaifinka Malam Mati takardar yabo mai hatimi biyu.

Sai dai akwai sharaɗi. Dokar ƙungiyarmu, sashe na tara, ta ce ba a duba kayan ƙira sai a maƙerar da aka ƙera su, kuma a hannun maƙerin gidan. Saboda haka muna roƙon ka mayar da moɗar Daura, ka damƙa ta a hannun mahaifinka, ka bar masa ita aƙalla kwana uku domin ta sha iskar gidan. Ni da tawagata za mu iso ranar Juma'a ta makon gobe da motoci huɗu.

Ka ba Sabiru direba amsa, wanda ya kawo maka wannan. Ya san inda zai same ni.

Ka huta lafiya.
Alhaji Dokta Ma'aruf Maiturare


Daura, ranar Talata

Daga Zailani
Zuwa ga Yaya Mardiyya, Baure

Salamu alaikum, uwargidan Baure. Ina gajiya, ina maigidan, ina yara? Tunda wayarki ta fi ki son wanka ta faɗa bokiti, dole na koma takarda.

Ki zauna tukuna, don zan gabatar miki da wani babban mutum: Alhaji Dokta Ma'aruf Maiturare na Kano, mai motoci huɗu. Shi ne ƙaninki da ke rubuto miki wannan, sanye da silifas wari da wari. Bari in faro miki daga farko.

Jikin Kaka ya ƙara nauyi. Ƙafafun sun kumbura har takalmi ba ya shiga, likita ya ce zuciya ce. Idon kuwa ya tafi gaba ɗaya tun bayan babbar salla, amma yatsun suna gani fiye da nawa idon. Ranar Asabar ta makon jiya ya ce in buɗe adaka in ciro moɗar azurfa, in wanke ta da ruwan tsamiya. Na ce, "Tsoho, amarya za ka yi ne?" Ya ce, "Wadda za ta zo ɗaukata ba ta neman lefe, ja'iri. Wanke."

Kin san al'adar gidan nan. Kowane maƙeri yana da layinsa na zane a jikin moɗar. Yana fara shi ranar da aka damƙa masa maƙera, ba ya rufe shi sai jikinsa ya gaya masa tafiya ta zo. Sai ya buga zanen ƙarshe, ya sha ruwa da ita sau ɗaya tak a rayuwarsa, ya miƙa wa na baya. Layi biyar sun rufe. Na Kaka saura faɗin ɗan yatsa.

Ina cikin wankewa sai ga Baffa Sharfaddeen ya yi sallama. Ya dube ni, ya dubi moɗar, ya gane. Ya tsuguna gaban Kaka ya ce, "Baba, an hana sha da ƙoƙon azurfa. Hanin nan a fili yake." Kaka ya ce, "Ubana ya sha, ubansa ya sha." Baffa ya ce, "Su ba a gaya musu ba. Kai an gaya maka, ni na gaya maka." Kaka ya ce, "To ka bari in rufe layina, shan ma yi magana." Baffa ya ce, "Na san ka, Baba. In ka rufe za ka sha." Ya karɓe ta daga hannuna da ruwan tsamiyarta, ya naɗe a rigarsa, ya hau babur ya koma Sandamu.

Tun ranar Kaka yake zaune da ƙaramar masabarsa a cinya. Da an yi sallama sai ya ce, "Sharfaddeen ne?"

Na je na roƙi Baffa da bakina, ya ce in koma in gyara haddata. Gwaggo Safiyatu ta je ta yi masa kuka, ya ba ta nasiha da kuɗin mota. Sai na ce, tunda ba ya jin ta na gida, bari a kawo masa baƙo. Na je shagon kwamfuta na bakin tasha, ina faɗa ana bugawa, don ya san rubutuna na ajami, shi ya koya mini da bulala. Hatimin kuwa da gindin kwalbar turare da tawadar allo na yi shi. Yaya, in kin gani sai kin miƙe tsaye. Kwana uku na nema a bar wa Kaka moɗar. Kaka rabin yini ya ishe shi.

Kada ki gaya wa kowa, ko mijinki, don bakinsa ya fi nawa sauri.

Naki,
Dokta


Sandamu, ranar Alhamis

Daga Sharfaddeen Mati
Zuwa ga Alhaji Ma'aruf Maiturare

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Takardarka ta iso ni lafiya, na gode, Allah ya saka da alheri.

Wanda kuka ji ana ambato a jirgi wataƙila wani Sharfaddeen ne. Ni ƙaramin ɗalibi ne mai karantar da yara da 'yan tsofaffi a ƙauye.

Gaskiya ne moɗar tana wurina. Na naɗe ta a ƙyalle, tana cikin akwati ƙarƙashin littattafai. Amma ba zan mayar da ita Daura ba, kuma ya kamata in gaya maka dalili domin kada ka ɗauka raini ne.

Mahaifina yana gab da haɗuwa da Ubangijinsa. A gidanmu akwai al'adar da maƙeri yake shan ruwa da moɗar nan a ƙarshen rayuwarsa. An hana Musulmi sha da mazubin zinariya da na azurfa, da gargaɗi mai tsanani. Mutumin nan ya yi shekara tamanin da 'yan kai ban taɓa ganin ya bar jam'i da gangan ba. Ba zan zauna ina kallo ya cika da wannan a bakinsa ba. Ya yi fushi da ni, na sani. Na fi son fushinsa na 'yan kwanaki a kan abin da nake ji masa tsoro.

Ban lalata ta ba, kuma ba ni da niyya. Malamai sun saɓa a kan ajiye irinta, shan ne ba su saɓa a kai ba. Sannan dukiyarsa ce, ba tawa ba. In Allah ya yi nasa ikon, zan mayar wa gida a ajiye.

In gani kuke so, ku zo Sandamu, zan shimfiɗa muku tabarma ku gani. Sai dai ina tsoron za ku sha doguwar hanya a banza. Na taso a maƙerar nan, na yi wa mahaifina zuga shekara goma sha ɗaya kafin na bar ƙira na kama karatu, kuma ban ga komai a jikinta ba da ya wuce zane irin na kowace ƙwarya.

Allah ya kiyaye hanya. Wassalam.
Sharfaddeen Mati


Kano, ranar Lahadi

Daga Alhaji Dokta Ma'aruf Maiturare
Zuwa ga Malam Sharfaddeen Mati

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa.

Malam, ka ce zane irin na kowace ƙwarya. Da na karanta wannan sai da na ajiye takardar, na sa aka kunna mini fanka. Shekara goma sha ɗaya kana zuga, ashe wutar kawai kake kallo. Bari in gaya maka abin da ke ƙarƙashin littattafanka, kamar yadda yake a manyan kundayenmu.

Moɗar nan ba ta da haɗi ko ɗaya. Ka shafa ka ji. Kuɗin azurfa ne irin waɗanda fatake suke kawowa daga hamada, aka narka su dunƙule ɗaya, aka yi ta bugu daga tsakiya zuwa baki. In ta yi tauri a mayar wuta, a tsoma ruwa, a ci gaba. An ce wata bakwai aka yi ana bugunta. Har mariƙin daga jikinta aka jawo shi, ba liƙawa aka yi ba. A yau babu maƙerin da zai iya wannan daga Daura har Agadas.

Layin farko, na bakin, igiyar guga ce. Na wanda ya ƙera ta ne, maƙerarsa tana kusa da Kusugu. Na biyu sawun raƙumi, lokacin da ayari yake cika gari. Na uku mashi ne a karye, mai shi ya ga yaƙi bai so shi ba. Na huɗu sawun tayar mota, ranar da aka fara ganinta. Na biyar zangarniyar gero ce ba ƙwaya a jiki, shekarar yunwa. Kowa abin da ya fi tsaya masa a rai ya bari.

Na shida na mahaifinka ne. Ɗigo ne kawai, a jere. Ka taɓa ƙirgawa? Goma sha tara ne. Duk wanda ya binne da hannunsa daga gidan nan, sai ya dawo daga maƙabarta ya buga ɗaya. Na goma sha huɗu mahaifiyarka ce. Na ƙarshe ƙaninka Yahya. Wurin da ya rage na ɗigo ɗaya ne, kai ma ka san na wane ne. Shi kawai yake so ya buga.

Amma babban abin yana ciki. In ka duba ƙasanta a bushe, za ka ce sawun masaba ne. To ka zuba ruwa ya kai rabi, ka fita rana, ka karkata ta hagu kaɗan. Za ka ga macijin Kusugu a nannaɗe, da kansa, da idonsa, yana motsi in ruwan ya motsa. Moɗar rijiya ce, Malam. Mai sha yana shanye ruwan ya tarar da abin da ke jiran kowa a ƙasa. Ba a nuna wa kowa wannan sai wanda zai gaji maƙera.

Yanzu ka ce mini ƙwarya ce. Abu irin wannan wurinsa hannun mai shi. Ka kai masa kafin Juma'a, motocinmu sun riga sun sha mai.

Naka da girmamawa,
Alhaji Dokta Ma'aruf Maiturare


Baure, ranar Talata

Daga Mardiyya
Zuwa ga Zailani

Salamu alaikum. Muna lafiya, ka gaida Kaka da Gwaggo.

Takardarka ta farko ta ba ni dariya, ba zan ɓoye ba. Amma kwafin takarda ta biyu da ka rubuta wa Baffa, wanda ka aiko mini don in yaba maka, ba abin dariya ba ne.

Zailani, kana da hankali kuwa? Baffa ka gaya wa akwai maciji a ciki? Ka manta kwanukan aurena? Mutumin da ya zauna da ƙusa ya kankare idon kowane tsuntsu da ke jikinsu, ɗaya bayan ɗaya, ina kuka yana ba ni haƙuri? Wanda ya yanke kan raƙumin da ke kalandar Gwaggo? Kana tsammanin don me Kaka ya bar shi shekara goma sha ɗaya a maƙera bai nuna masa ba? Ni kaina jikarsa ban san me ke ciki ba sai yau. Kai aka nuna wa, don kai aka zaɓa, ka ɗauka ka kai shagon kwamfuta.

Da yana ganin ta a matsayin ƙoƙon da ba a sha da shi, zai ajiye. Yanzu ka mayar masa da ita surar mai rai. Ba zai kwana da ita a ɗaki ɗaya da littattafansa ba.

Ba don Kaka ka rubuta wannan ba. Haushi ka ji an ce ƙwarya, kana so ka nuna ka fi shi sani.

Da zarar takardar nan ta same ka, ka ajiye komai ka hau mota zuwa Sandamu. Ka faɗi a gabansa ka gaya masa kai ne, ka ce macijin ma ƙarya ne, ka ce duk abin da za ka ce. In ya mare ka ka juya masa ɗaya kuncin. Ni ba zan iya tahowa ba sai Asabar, ƙaramin yana zazzaɓi.

Ka yi sauri, don Allah.
Yayarka


Sandamu, ranar Laraba

Daga Sharfaddeen Mati
Zuwa ga Alhaji Ma'aruf Maiturare

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa.

Ina roƙonka ka dakatar da tawagarka. Babu abin da za ku ɗauki hotonsa.

Jiya da hantsi na yi yadda ka ce. Na zuba ruwa rabi, na fita rana, na karkata ta hagu. Na gan shi. Ya dube ni kamar yadda na dube shi. Na daɗe a tsaye, har ruwan ya ɗauki ɗumi. Ba zan yi maka ƙarya ba, ban taɓa ganin aikin hannu irinsa ba. Wannan ne ma ya fi ba ni tsoro. Mutum biyar daga kakannina wannan fuskar suka kalla a shansu na ƙarshe.

Da farko na yi nufin in goge kan kawai, sauran ya zauna. Na sa magagari a hankali. Ƙasan ya yi siriri saboda tsufa, ya huje. Da na bi jikin macijin da ido sai na ga bai tsaya a ƙasa ba. Ya hau bango a karkace, ya fito baki, ya zama igiyar gugar nan da ka ce. Wato duk moɗar a kansa aka gina ta. Babu abin da zan cire ya bar saura.

Yau da safe na ari maƙerar wani mai gyaran garma a bayan kasuwa. Ban bari kowa ya taɓa ba, ni na yi da kaina. Ashe hannu bai manta zuga ba. Kafin in sa ta a kasko na ƙirga ɗigon. Goma sha tara ne, kamar yadda ka ce. Na ɗora yatsa a kan na goma sha huɗu, na mahaifiyata. Shekara ashirin da rasuwarta, ban san ya ajiye mata wuri ba.

Ban ji daɗi ba, Alhaji, amma ban yi nadama ba. Na gode maka da ka buɗe mini ido. Da ba ka rubuto ba, da na mayar da ita gida bayan rasuwarsa, ta ci gaba da bin jikoki.

Azurfar tasa ce. Gobe in Allah ya so zan kai masa a hannunsa, in gaya masa da bakina.

Wassalam.
Sharfaddeen Mati


Daura, ranar Alhamis

Daga Zailani
Zuwa ga Yaya Mardiyya

Salamu alaikum, Yaya. Allah ya ba ƙaramin lafiya.

Takardarki da wadda Baffa ya rubuta wa Alhaji tare suka iso hannuna yau da safe. Taki na fara buɗewa. Ina neman takalmi in fita, na buɗe tasa. Sai na zauna.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Tun ranar Litinin na ce wa Kaka moɗa tana hanya, kafin Juma'a za ta zo. Ya ce, "Wa ya ce?" Na ce, "Ni, kuma ka san ni ba na ƙarya sai da dalili." Ya yi dariya har da tari. Tun ranar ya sa na wasa masa ƙusar zanen. Yau ya sa Gwaggo ta ɗora masa ruwa ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, aka fito da shi zaure aka jingina shi da uwar maƙera. Ina tsaye da takardar a aljihu. Ban gaya masa abin da ke ciki ba.

Da hantsi Baffa ya yi sallama. Kaka ya ce, "Sharfaddeen ne?" Ya ce, "Ni ne, Baba." Kaka ya miƙa hannu biyu.

Baffa ya tsuguna ya warware ƙyalle, ya ɗora masa. Dunƙule ne kamar ƙwan agwagwa, ɗan faffaɗa. Kaka ya riƙe. Yatsunsa suka zagaya suna neman baki, suna neman mariƙi. Suka sake zagayawa. Sannan ya ɗaga ta a tafin hannu yana jin nauyinta.

Ya ce, "Ta ragu."

Baffa ya ce, "Wuta ta ci kaɗan."

"Da wane gawayi?"

"Na ƙirya."

"Kai ka yi zugar?"

"Ni na yi, Baba."

Kaka ya shafa ta da babban yatsa ya ce, "Babu kumfa a jikinta ko ɗaya. Ka narka da kyau. Da ka zauna da ka yi maƙeri."

Yaya, da zagi ya yi da ya fi. Baffa ya sunkuyar da kai yana ta bayani, yana jawo hujjoji. Kaka bai katse shi ba. Da ya gama sai ya ce, "Wa ya nuna maka ƙasan?" Baffa ya ce, "Wani Alhaji ne a Kano, masanin kayan da. A kundayensu ya gani." Kaka ya ce, "A kundi." Can ya ce, "Ba a taɓa rubuta shi ba."

Sai ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, kamar idon ya dawo. Ya ce, "Zailani, kana nan?" Na ce, "Ina nan, Kaka." Ya ce, "To."

Shi ke nan abin da ya ce. Bai tona ni ba. Ya miƙa wa Gwaggo masabar da ƙusar ya ce a mayar adaka, ya ce a shigar da shi ciki. Dunƙulen yana hannunsa har yanzu.

Bayan azahar na kai masa ruwa a kofi kamar kullum. Na ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, ga ruwa." Ya juya fuska bango. Na bari aka jima na sake kaiwa, ban yi wasa ba wannan karon. Ya gane tafiyata tun daga ƙofa, ya rufe baki. Gwaggo ta samu ya karɓi cokali biyu a hannunta, na uku ya ture. Ya daina ce mini ja'iri. Ba ya ce mini komai.

Kin yi gaskiya a kan dalilina. Ina faɗa ana bugawa, ina jin daɗin yadda zan bar Baffa da baki buɗe. Kaka bai faɗo mini a rai ba sai a layin ƙarshe.

Ki taho ranar Asabar ɗin, kada ki ƙara kwana.

Ƙaninki,
Zailani


Sandamu, ranar Juma'a

Daga Sharfaddeen Mati
Zuwa ga Alhaji Ma'aruf Maiturare

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da yawan takardu.

Na kai wa mahaifina azurfarsa. An aiko mini cewa tun jiya ba ya ci, ba ya sha sai da ƙyar. Na kasa komawa, don ban san da wace fuska zan shiga ba.

Alfarma nake nema. Na ce ku dakata, yanzu ina roƙon ku zo. Ba sai da motoci huɗu ba, ko kai kaɗai. Ka zo da takardar yabon nan da ka ambata, ka zauna kusa da shi, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini a kan aikin kakanninsa, layi bayan layi. Ni ban iya ba, kuma daga bakina ba zai ji ba. Kai ka san darajarta. Wataƙila in ya ji akwai wanda ya riƙe ta a kundi, ransa ya yi sanyi ya karɓi ruwa.

In kuɗin mai ne matsala, zan sayar da babur ɗina.

Ina jiran amsa ta hannun Sabiru.
Sharfaddeen Mati


Daura, ranar Asabar

Zuwa ga Baffa

Assalamu alaikum, Baffa. Ina gaishe ka a durƙushe.

Ka san rubutun nan, ba sai na sa suna ba.

Kada ka sayar da babur. Babu Alhaji Ma'aruf Maiturare, babu ƙungiya, babu kundi, babu mota ko ɗaya. Ni na rubuta duka biyun, a shagon bakin tasha. Sabiru bai san me ke ciki ba, kada ka ga laifinsa. Abin da na faɗa a kan moɗar gaskiya ne. Kaka ne ya nuna mini bara da damina, ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba sai wanda zan miƙa wa. Na so in sa ka dawo da ita, sai na so in burge ka.

Kaka ya sani tun ranar Alhamis. Ba da kai yake fushi ba. Jiya Gwaggo ta ji yana cewa Sharfaddeen tsoron Allah ne ya sa shi.

Duk hukuncin da ka yanke mini na karɓa, amma ka bar shi sai daga baya. Yanzu ka taho. Leɓensa ya bushe, harshensa ya yi nauyi, Yaya Mardiyya ta iso ta gwada ya ƙi. Ni ko ƙofar ɗakin na daina zuwa, don da ya ji tafiyata yake rufe baki.

Ka zo ka ba shi ruwa da hannunka. Ina ganin zai karɓa. Kai abin da ka yi masa da gaske ka yi shi. Ni da wasa na yi.

Ɗanka,
Zailani